Yarinyata na son karanta tsaron intanet, wace makaranta zan kai ta da kuɗin ba zai karya ni ba?

Wani bawan Allah ne ya turo tambayar, ga taƙaicenta: 'yarsa ta gama sakandare bana, tun tana ƙarama ba ta da abin wasa sai kwamfuta, yanzu ta kafe ita tsaron intanet zata karanta. Ta tattaro sunayen makarantu na gida da na waje, wasu kuɗinsu ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, ga ƙannenta na biye da ita. Yana so ya san yadda zai zaɓi wadda zai iya biya ba tare da ya tauye ta ba.

Malam, Allah ya raya ta ya sa mata albarka. Ka kwantar da hankalinka tukuna, domin a duk fannonin da ake karantawa a jami'a wannan na cikin waɗanda sunan makaranta bai cika yin tasiri ba. Aikina kenan, kuma ina cikin waɗanda ake zaunarwa su yi wa masu neman aiki intabiyu, wallahi sau da yawa sai an gama da mutum ya fita sannan wani a cikinmu zai ce wai wace makaranta ma ya yi ne. Abin da muke yi shine mu juya masa laftof, mu buɗe Wireshark, manhajar leƙa netwok, da bayanan da aka kamo suna yawo a netwok, layuka ne rututu suna gangarowa, mu ce to bismillah, nuna mana inda wannan kwamfutar ta fara gaisawa da waccan sabar, wato kwamfutar da take neman abu a wurinta. Wanda ya taɓa zama da abin da hannunsa nan take zai tace layukan ya nuna maka SYN, SYN-ACK, ACK, wato saƙonni ukun gaisuwar, har ya ƙara da cewa ga inda aka tambayi DNS, tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lamba, adireshin tun farko. Wanda hadda kawai ya yi kuwa sai ya fara karanto maka ma'anar fayawol, katangar da ke tace abin da ke shiga netwok, alhali ba ita aka tambaye shi ba. Na ga 'yan manyan makarantu a kashi na biyun nan, na ga 'yan ƙananan kwalejojin da ko sunansu ban taɓa ji ba a kashi na farko, na kuma ga akasin haka, don haka ba cewa nake tsada aibi ce ba, cewa nake ba ita ke koyar da abin ba.

Kafin maganar kuɗi ya kamata ka san me zaka saya. Yara da yawa abin da ke kansu in an ce tsaron intanet shine mutum a ɗaki mai duhu yana kutse, to wannan ɓangare ne ƙarami ƙwarai na aikin. Yawancin ɓarnar da ake yi a duniya ba wata gwaninta ta aljanu bace, sakaci ne da abubuwan tushe. Muguwar manhajar WannaCry da ta ɓarke a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150 har da asibitocin gwamnati a Ingila, ta bi ta wata kafa ce a Windows wadda Microsoft ya riga ya fitar da facinta, wato gyaran da ke toshe ta, tun watan Maris, mutane ne basu saka ba. A shekarar dai aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka, shi ma wata manhajar shafinsu ce mai suna Apache Struts ba a yi wa faci ba. Kutsen da aka yi wa kamfanin Colonial Pipeline a 2021, wanda sai da aka rufe bututun man da ke ciyar da gabashin Amurka na kwanaki, kalmar sirri ɗaya ce ta wani tsohon asusun VPN, wato hanyar shiga netwok ɗin kamfani daga nesa, da ba a sa masa tantancewa mai mataki biyu ba. Kaga duk wanda zai hana irin wannan dole ya san yadda netwok ke aiki, ya san cikin tsarin da ke tafiyar da kwamfuta irin Linux da Windows, ya iya rubuta kod ko da a yaren Python ne, in da hali ya taɓa yaren C don ya gane yadda ƙwaƙwalwar kwamfuta ke ajiye abu da yadda ake cusa mata abin da ya fi ƙarfinta har ya yi ambaliya, ya san rumbun bayanai, ya ɗan san lissafin da ke ƙarƙashin ɓoye saƙo. Waɗannan su ne kayan da kake biya a koya mata.

Shi ya sa in uba ya tambaye ni nakan ce kar ya liƙe wa sai digirin da aka rubuta wa tsaron intanet a goshi. Digirin kimiyyar kwamfuta, ko na fasahar sadarwa da netwok, wanda ke da kwasa-kwasan tsaro a shekarun ƙarshe, sau da yawa ya fi ƙarfi, kuma kusan kowace jami'ar gwamnati na da shi, wato zaɓinku na masu sauƙin kuɗi ya ƙaru sosai kenan. Ga kuma wata fa'ida da iyaye basu cika tunawa ba, yarinya 'yar shekara 17 ko 18 tana iya shiga aji biyu ta ga ashe ita rubuta manhaja ta fi so, ko harkar bayanai, to mai kimiyyar kwamfuta ko'ina ta juya akwai hanya, mai digirin tsaro zalla kuwa ƙofarta ta ɗan fi ƙunci. Ba wai duk digirin tsaro ne bashi da kyau ba fa, akwai masu kyau sosai. Amma tunda fannin ya yi farin jini makarantu da yawa sun ɗauko tsohon kwas ɗinsu na sarrafa bayanai suka canza masa suna suka ƙara kuɗi, kamar dai a yi wa tsohon gida fenti a ce sabo ne. Yadda zaku gane abu ne mai sauƙi, ku sauko da jerin kwasa-kwasan duka shekarun daga shafin makarantar, ita ta zauna ta ƙirga, nawa ne na rubuta kod, nawa ne na netwok, akwai na tsarin da ke tafiyar da kwamfuta ko babu, nawa ne ake shiga lab a yi da hannu. In kuka ga rabin jerin duk gabatarwa ga kaza ne, manufofin kaza, gudanar da kaza, ku wuce kawai komai arharta.

Abu na farko da ba a sasantawa a kai shine hukumar da ke tantance jami'o'i a ƙasar ta amince da makarantar, kuma ta amince da wannan kwas ɗin takamaimai, domin akan samu makaranta mai rajista amma sabon kwas ɗin da ta buɗe ba a tantance shi ba tukuna. Kar ka yarda da abin da ke shafin makarantar, ka je shafin hukumar ka duba da idonka. Ka ƙara taka tsantsan da makarantun kasuwa masu yawan talla da yawan kiran waya. A Amurka akwai ITT Technical Institute, suna da rassa sama da 130, kwasa-kwasan kwamfuta da tsaro na cikin abin da suke tallatawa, a watan Satumban 2016 suka rufe gaba ɗaya, dubun dubatar ɗalibai suka wayi gari ga bashi a wuya, kuma da yawansu makarantun da suka nufa basu karɓi karatun da suka yi a can ba.

Bayan wannan akwai wasu tambura da ke taimakawa wajen tace makarantu. A Amurka hukumar tsaro ta NSA tun 1999 take ba makarantun da karatun tsaronsu ya cika sharuɗɗa wata shaida da ake kira CAE, yanzu ɗaruruwan makarantu ke da ita, jerin kuma a buɗe yake kowa na iya dubawa, abin daɗin shine har kwalejojin shekara biyu masu sauƙin kuɗi na ciki. A nan ne zaka ga irin su Dakota State University, ƙaramar jami'ar gwamnati ce a wani ƙaramin gari a jihar Dakota ta Kudu, mutumin titi bai santa ba amma 'yan fannin sun santa sarai. Haka Jami'ar Texas da ke San Antonio, wadda ita ke shirya gasar kare netwok ta ɗaliban jami'o'in ƙasar. A Birtaniya hukumar tsaron intanet ta NCSC ce ke tantance digirorin tsaro ta fitar da sunayensu. Akwai kuma ABET mai tantance kwasa-kwasan injiniya da kwamfuta, har a wajen Amurka tana yi. Sai dai ka riƙe cewa tambarin nan yana nuna makarantar ta tsallake mafi ƙarancin abin da ake bukata ne, ba wai ta fi kowa ba, kuma rashinsa a makarantar da ke wata ƙasar da tsarin bai shafa ba ba komai bane.

To yanzu kuɗin. Kuskuren da na fi gani shine a kwatanta makarantu da kuɗin da suka rubuta a shafinsu. Wannan lambar ba ita bace abin da zai fita daga aljihunka. Abin da zaka lissafa shine kuɗin karatu, da ƙananan kuɗaɗen da ake liƙawa a gefe irin na lab da na fasaha da na rajista waɗanda a kwasa-kwasan kwamfuta basu da kaɗan, da masauki, da ci da sha, da zirga-zirga, da inshorar lafiya in ƙasar waje ce, sannan ka cire tallafin da ba a biya, wato kyauta ba rance ba, abin da ya rage ka ninka shi da yawan shekarun da za a yi. Ka kula da takardar tayin tallafi sosai don wasu makarantun sukan jera rance a layi ɗaya da kyauta, jimillar ta yi kyau a ido, sai daga baya ka gane rabi bashi ne da ruwa a kansa. Ka kuma tambaya a rubuce, wannan sikolashif ɗin na shekarar farko ne kawai ko na duka shekarun, kuma wane maki ake so ta riƙe don kar a janye. Wannan tambayar ta maki tana da nauyi a fanninmu, saboda aji biyu ne ake haɗuwa da lissafi da tsarin bayanai masu kayar da maki, yaran kirki ma sukan ɗan zame a nan, in sharaɗin ya yi tsauri sai a wayi gari tallafi ya tafi a daidai lokacin da ficewa ta yi wuya. Makarantun Amurka doka ta tilasta musu tun 2011 su sa na'urar lissafin ainihin kuɗin da iyali zai biya a shafinsu, ga kuma College Scorecard na gwamnati da ke nuna yawan masu kammalawa da bashin da suke fita da shi. Wani lokacin ma zaka sha mamaki, jami'a mai zaman kanta mai tarin dukiya ta fi ta gwamnati sauƙi ga iyali marasa ƙarfi saboda yawan tallafinta, don haka in yarinyar na da maki sosai kar a hana ta nema, a nema a ga me zasu bayar, in bai yi ba a bari.

Yawan shekarun ma kuɗi ne. Makaranta mai arha da kwas ɗin dole ba ya samuwa sai sau ɗaya a shekara, ko gurbi ya cika kafin ta yi rajista, shekara 4 ta koma 5 ko 6, ta cinye arhar har da ƙari. A tambayi ɗaliban ajin ƙarshe, ba ofishin shiga ba, su ne zasu faɗi gaskiya.

Hanyar da na fi so ga mai ƙaramin ƙarfi, inda tsarin ƙasa ya bada dama, ita ce a fara da kwalejin shekara biyu ko difloma kusa da gida, tana kwana a ɗakinta, sannan ta koma jami'a ta ƙarasa. Takardar digirin sunan jami'ar da ta kammala zata ɗauka. Kuma gaskiya ƙananan kwalejojin nan sau da yawa sun fi jami'a koyar da aikin hannu, a nan ne zata kama waya ta haɗa na'urorin netwok irin suwic da rauta da kanta. Sharaɗi ɗaya ne, kafin ta shiga ku tabbatar akwai yarjejeniya a rubuce tsakanin kwalejin da jami'ar cewa za a karɓi kwasa-kwasan, kuma a karɓe su a matsayin na dole ba na cike gurbi ba, in ba haka ba zata maimaita abin da kuka riga kuka biya.

Karatun intanet kuma, irin na Western Governors University da ke karɓar kuɗi a kan zangon wata shida komai yawan kwas ɗin da ka gama, kuma jarabawar satifiket na cikin karatun, yana da kyau ƙwarai ga babba mai aiki da ya san abin da yake so. Ga yarinyar da ta fito sakandare jiya ni dai ina ɗari-ɗari, tana bukatar abokan karatu da malamin da zata tare a bakin ofis da kulob ɗin da za a kwana ana fafatawa da matsala, kaɗaici na kashe wa yara gwiwa fiye da wahalar karatun. Maganar ƙasar waje ma a yi ta da lissafi. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus basa karɓar kuɗin karatu, ban da irin jihar Baden-Württemberg da ta sa wa 'yan wajen Tarayyar Turai tun 2017, kuma jami'o'in garuruwan Bochum da Saarbrücken suna da ƙarfi sosai a tsaro, amma digirin farko galibi da Jamusanci ake yi, kuma sai ka nuna kuɗin zaman shekara kafin a bada biza. Sannan manyan tallafin fannin nan da yawa na 'yan ƙasa ne, misali CyberCorps na Amurka da aka kafa a 2000, yana biyan karatu har da alawus, mutum ya yi wa gwamnati aiki daidai shekarun da aka biya masa, amma sai ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin. Ayyukan tsaro na gwamnati da na kamfanonin da ke mata kwangila ma haka suke a kusan ko'ina. Ni a ganina in kuɗi ya yi ƙaranci a yi digirin farko inda ya fi sauƙi, a ajiye burin waje sai digiri na biyu, lokacin ta san ɓangaren da take so kuma tallafi ya fi samuwa, ga ma irin na jami'ar Georgia Tech ta Amurka da ake yi ta intanet mutum na aikinsa.

Dalilin da ya sa nake ta nanata a guji bashi shine abin da masu talla basa faɗa. Zaka ji ana cewa akwai miliyoyin guraben aiki a fannin babu masu cikewa, to ƙarancin na ƙwararru ne, ƙofar shiga kuwa cunkoso ne da ita. Da wuya a ɗauki sabon kammalawa a damƙa masa tsaron kamfani. Yawancinmu daga teburin taimakon ma'aikata muka fara, mai ya manta kalmar sirri, mai firinta ta ƙi, ko kula da netwok, ko zaman dare a ɗakin sa ido kana kallon log, wato rajistar abin da ke faruwa a kwamfuta, lamba 4625 na ta fitowa a jere alamar ana gwada shiga wani asusu ana faɗuwa, kai kuma aikinka ka lura da lokacin da 4624 ta biyo baya daga adireshin da bai kamata ba, wato an samu shiga kenan, ka tada na sama da kai. Albashin wannan matakin ba wani abin a zo a gani bane, sai bayan 'yan shekaru yake tashi, kuma yana tashi sosai. Wadda ta fito ba bashi zata iya karɓar ƙaramin aikin da zai koya mata abu ta yi haƙuri da shi, wadda bashi ke bi kuwa dole ta kama duk abin da ya fi biya yau ko da ba fanninta bane.

In kun rage makarantun zuwa uku ko huɗu, ku je ko ku kira sashen kai tsaye, kuma ka bar ta ita ta yi tambayoyin. A nuna muku lab ɗin, ba ɗakin da aka jera kwamfutoci don hoto ba, wurin da aka ware netwok ɗinsa daban ɗalibai ke kai hari suna karewa ba tare da sun taɓa na makaranta ba. Su waye ke koyar da kwasa-kwasan tsaron, akwai wanda ya taɓa yin aikin a waje ko duk daga littafi ne. Akwai ƙungiyar ɗalibai masu shiga gasar CTF ta warware matsalolin kutse, yaushe suka shiga ta ƙarshe. Ɗaliban bara ina suka yi horon aiki, a faɗi sunayen wuraren. Wasu makarantun ma suna ɗaukar ɗalibansu aiki a sashen kwamfutocin makarantar ko ɗakin sa idonta, ana biyansu kuma suna tara gogewa, in kuka samu wannan ku riƙe ta da kyau, ni a wurina ta fi suna. Tunda mace ce ku tambaya ko akwai mata a ajin da cikin malamai, fannin har yanzu maza sun fi yawa, akwai kuma ƙungiyar WiCyS ta mata masu wannan harka da ke da rassa a makarantu da dama tana kuma taimakawa da tallafi.

Satifiket kar ku yi gaggawarsa. Security+ na CompTIA ko CCNA na Cisco a wajen aji biyu ko uku ya isa, kuma a tambaya ko makarantar na da rangwamen ɗalibai. CISSP da ake ta ambata sai da gogewar aiki ta shekara 5, ba nata bane yanzu. Masu kwas ɗin wata uku da ke alƙawarin mayar da mutum ƙwararre da aiki a hannu kuwa, ka riƙe kuɗinka.

Kafin ka biya ko sisi ma akwai gwajin da zata yi kyauta a watannin nan da take zaune. Ta shiga wasan koyon tsaro na picoCTF na Jami'ar Carnegie Mellon, don 'yan sakandare aka yi shi tun 2013, ta yi wasan Bandit na OverTheWire da ke koyar da Linux mataki mataki, ta bi kwas ɗin koyon kwamfuta na CS50 na jami'ar Harvard, in ta ɗan yi nisa ta shiga Web Security Academy na PortSwigger. Laftof mai RAM GB 16 ya wadatar ko na hannu ne, ta sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, ta girka Kali, wato Linux na masu gwajin tsaro, da wata kwamfutar gwaji a ciki ta yi ta fasa kayanta. Kai kuma ka zuba ido, in ka ga ta maƙale a mataki ɗaya tun la'asar har bayan isha tana tsaki amma ta ƙi tashi, to fanninta ne, ka kashe kuɗinka da natsuwa. In bayan sati biyu ta watsar, ba laifi bane, sai a karkata ga kimiyyar kwamfuta gaba ɗaya ta zaɓa daga baya. Abin da ta warware kuma ta riƙa rubuta yadda ta yi tana ajiyewa a GitHub, shafin ajiye kod, yana amfani wajen neman sikolashif da horon aiki.

Sai ka ja mata kunne da babbar murya kan abu ɗaya, kar ta kuskura ta gwada abin da ta koya a kan netwok ko shafi ko wayar da ba tata ba sai da izini a rubuce, ko da na makaranta ne, ko da wasa ne da ƙawa. Kusan kowace ƙasa na da doka a kai, Amurka tun 1986, Birtaniya tun 1990, kuma aikin nan ana binciken tarihin mutum kafin a ɗauke shi. Kuɗin kama gurbi kuma kar ka tura wa kowace makaranta sai takardun tallafin duka sun iso hannunka a rubuce kun jera su kun kwatanta.